Inda Alƙibla Ta Karkata Arewa: Waiwaye Kan Koyar da Taswira a Gadarif

Bahaushen Kano in zai yi salla cewa yake zai dubi gabas, ba kuwa wanda zai yi masa gyara, don alƙiblarsa da mafitar rana kusan gefe guda suke. Wanda ya tafi neman Alƙur'ani mukan ce ya tafi gabas, haka ma wanda ya ɗauki sanda da gora ya nufi Makka. Amma a Gadarif, can gabashin Sudan kusa da iyakar Habasha, maganar ta sauya. Makka tana arewa ne da garin, ta ɗan karkata gabas da kamar digiri 30, alhali a Kano karkatar ta kusa digiri 70. Jikokin mahajjatan da suka zauna a nan, in sun daidaita sahu da hantsi, rana kan kuncinsu na dama take faɗawa. Kakanninsu sun yi ta bin gabas har suka kai inda gabas ta rabu da alƙibla, ba su kuma bukaci malamin makaranta ya faɗa musu ba. Daga wannan wuri za mu koma baya, mu ga yadda aka riƙa koya wa yaran wannan yanki, musamman 'yan shekara 12 zuwa 14, sanin ƙasa da karanta taswira.

Taswirar farko da Bahaushe ya shigo da ita Sudan a ka take, siffarta kuwa irin ta carbi ce, zango na bin zango. Daga Kano a faɗa Barno, a ratsa Dikwa, a ƙetare kogin Shari, a nufi Abeshe ta Wadai, sannan Fashir ta Darfur, sai Ubayyid ta Kurdufan, a haye Nilu, a doshi Sawakin a bakin Bahar Maliya. Madugu ya san kwana nawa ne tsakanin wannan rijiya da waccan, ya san wadda ruwanta ke da zartsi, ya san sarkin da ake kai wa gaisuwa da wanda ake kewaye wa gari cikin dare. Jagaba kuma shi ke gaba yana duban sawu. Yaron da aka taso da shi yana goye, kafin a kai Kurdufan ya isa korar jaki, domin tafiyar takan ci shekaru, ana tsayawa a yi noma damina ɗaya ko biyu a samu guzuri. Wannan yaro ya iya fitowar gamzaki, ya san lokacin da kaza da 'ya'yanta ke ɓuya, ya iya bambanta jigawa da laka tun daga irin ciyawar da ke kansu. In ka tambaye shi nisan Fashir, da kwanaki zai auna maka. Abin da bai sani ba shi ne abin da ke dama da hagun hanya. Duniyarsa tsawo gare ta, ba ta da faɗi.

Har manyan malamai ma da wannan ido suke kallon ƙasa. A 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato yana neman inda kogin Kwara ya ƙare. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riga ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen Takarur, ya zana masa kogin a kan rairayi, daga baya aka ba shi taswira a takarda, wadda aka buga a Landan a 1826. A wannan takarda Kwara ta miƙe gabas har ta nufi Nilun Masar. Masana sun daɗe suna gardama ko kuskure ne ko kuwa dabarar ɓatar da baƙo, kuma a 1830 'yan'uwan nan biyu, su Lander, suka bi kogin har teku suka kashe maganar. Mu dai abin da ke ɗaukar hankalinmu shi ne yadda kogin takarda ya bi sawun mahajjata, kamar ruwa ma aikin hajji za shi. Kuma kada mu ɗauka ɗora arewa a saman takarda wahayi ne: Idrisi, a taswirar da ya gama wa Sarki Roja na Sisili a 1154, kudu ya sa a sama.

Shekarar 1903 ta haɗa abubuwa biyu da ba su san da juna ba. A watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da hijira, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a 1906. A wannan shekara ta 1903 kuma wani hafsan Ingila, Manjo Charles Gwynn, yana yawo da kayan safiyo a gabashin Gadarif, yana kafa alamun iyaka bisa yarjejeniyar da Ingila ta ƙulla da Sarki Menelik na biyu na Habasha a 1902. Masu hijira sun zo da ilimin hanya, shi kuwa ya zo da layi. Takari, kamar yadda ake kiran mutanen yamma, ba baƙi ba ne a yankin, don tun ƙarni na 19 suna zaune a Gallabat a kan hanyar Gondar. Ita Gadarif kanta kasuwa ce ta Larabawan Shukuriyya, ana ce mata Kasuwar Abu Sin. Da layin dogo ya iso daga Kasala a 1928, ya zarce Sinnar a 1929, sai garin ya zama mahaɗa, Hausawa suka yi ta sauka suna noman dawa da riɗi da niyyar in an tara kuɗin jirgin ruwa a ƙarasa. Da yawansu a nan aka binne su da niyyar.

Juyin da ya fi kowanne tasiri a aji ya faru ne nesa da Gadarif, a wani fili kusa da Duwaim a bakin Farin Nilu. A 1934 V. L. Griffiths ya kafa cibiyar horar da malamai ta Bahtar Ruda, ya kuma kai ta ƙauye da gangan, don a ganinsa malamin da aka horar a Khartum ba zai iya da ɗan manomi ba. (A shekarar ce kuma malamai uku 'yan Sudan suka zo Kano koyarwa a makarantar shari'a, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Hanyar ba ta taɓa zama ta zuwa kawai ba.) Abin da ya bambanta Bahtar Ruda shi ne haƙuri. Ba a buga darasi sai an gwada shi a kan yara na gaske, an ga inda suka yi hamma da inda idonsu ya buɗe, an gyara, an sake gwadawa. Sannan a rubuta wa malami jagora daki-daki, a bi shi har ƙauyen da aka tura shi a ga ko yana bi.

Labarin ƙasa a wannan tsari daga ƙarƙashin ƙafar yaro yake farawa. Mu leƙa ajin. Malam ya ce a auna tsawon ɗakin da taki, yaro ya taka daga bango zuwa bango yana ƙirgawa, aka sami goma sha biyu. Allo ba zai ɗauki taki goma sha biyu ba, to yaya za a yi? Sai a yarda kowane taki ya zama faɗin yatsa ɗaya. Shi ke nan an haifi ma'auni, ba tare da an furta sunansa ba. A sa ƙofa a inda take, a sa taga, a sa teburin malam, kowa ya nemo mazauninsa ya ɗiga. Gobe a fita a zana harabar makaranta, jibi a kai ga rijiya da kasuwa da masallaci. Akwai kuma ranar neman taska, wadda tsofaffin ɗalibai ba sa mantawa: malam ya binne wani abu, ya ba da takarda mai cewa taki kaza arewa, taki kaza yamma, yara su bazama. Wanda ya rikita arewa da kudu ya tashi a tutar babu, ya kuma koyi darasin fiye da wanda ya tono.

Daga nan sai a ɗauki yaro a zaga da shi ƙasa. A farkon shekarun 1940 malaman cibiyar, cikinsu har da Abdurrahman Ali Taha, wanda ya zama ɗan Sudan na farko da ya riƙe ministan ilimi a 1948, suka fitar da littafin Subul Kasbil Aish fis Sudan, wato hanyoyin neman abinci a Sudan. Dabarar mai sauƙi ce. Ajin zai yi tafiyar zuci ya ziyarci abokai tara, kuma yaran nan tara na gaske ne, malaman sun je garuruwansu sun zauna da iyayensu. Akwai Siddiƙ na Golid a arewa, inda dabino da ban ruwa daga Nilu suke. Akwai abokin Rera a filin Butana, maƙwabcin Gadarif ta arewa, mai raƙuma. Akwai na Babanusa mai shanu, da na Muhammad Ƙol a gaɓar Bahar Maliya, da na Wad Sulfab mai auduga a Jazira, da na Atbara garin 'yan reluwe, sai Mango Zambiri na Yambiyo a can kudu cikin kurmi. Kafin a isa kowanne sai an bi hanya a taswira: ina za a hau jirgin ƙasa, ina za a sauka a nemi mota, ina sai raƙumi. In an isa a ci abin da suke ci, a tambayi dalilin da ya sa wannan ke kwana a tanti wancan a ɗakin ciyawa. Amsar kullum tana komawa ga ruwan sama da irin ƙasa.

Mu da muka san tarbiyyar ayari dole mu yi murmushi a nan, domin abin da malaman suka gano bayan gwaje-gwaje shi ne abin da madugu ke yi tun fil azal: ƙasa da tafiya ake koyonta, tafiya kuwa da mutanen da za a tarar. Sai dai sun ƙara abin da madugu ba shi da shi, wato faɗi. Yaro ya ga Golid da Yambiyo a takarda guda, ya gane cewa duk taku zuwa kudu ruwan sama ƙaruwa yake. Amma akwai giɓi, kuma ya kamata a faɗe shi. A cikin abokan nan tara babu wanda aka gabatar a matsayin ɗan mahajjatan yamma, alhali a lokacin hannayensu na cikin masu tsinkar audugar Jazira tun bayan gina madatsar Sinnar a 1925. Ɗan Bahaushen Gadarif, in har ya shiga makarantar gwamnati, ya zaga Sudan kaf bai tarar da gidansu ba. Da yawa ma ba su shiga ba, iyaye sun fi amincewa da makarantar allo, wadda can ake kira halwa.

Wanda ya tsallake aji huɗu na elemantare ya ci jarrabawa mai tsauri, sai ya shiga wusɗa, makarantar tsakiya, ita ma shekara huɗu. A nan taswira ta tashi daga wasa ta zama sana'a. Yaro ya riƙe kundin taswira a karon farko, ya ga ƙwallon duniya a teburin malam, ya koyi layukan kwance da na tsaye, ya san Gadarif na kan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. Ya koyi duba mabuɗi kafin ya ce uffan a kan launi: shuɗi ruwa, ƙasa-ƙasa tudu. Ya zana Sudan da hannunsa har sai ya iya ta da ka, da lanƙwasar Nilu a wajen Abu Hamad da mahaɗar koguna biyu a Khartum. Robin Hodgkin, mai hawan duwatsu da ya shugabanci cibiyar bayan Griffiths, ya rubuta littafin labarin ƙasar Sudan da ya fito a 1951. A wannan zamani ne, wajen 1954 zuwa 1955, gwamnatin Arewacin Nijeriya ta tura ɗalibai Bahtar Ruda, cikinsu da Abubakar Gumi da Shehu Galadanci. Larabci da dabarun koyarwa suka je nema, amma ruwan da suka sha shi ne wannan.

Ana cikin haka sai taswira ta sauko daga bango ta kwanta a gonakin Gadarif. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a 1944 zuwa 1945, Turawa suka fara noman tarakta a Gadambaliya don ciyar da sojojinsu na gabashin Afirka. Ƙasar yankin baƙar laka ce, irin firgin da muka sani a wajen Dikwa, da rani ta dare har ƙafa ta faɗa, da damina ta riƙe mota sai an kwana. Fartanya na shan wuya a kanta, amma tarakta ta same ta daidai. Bayan 'yancin kai a 1956, musamman bayan kafa hukumar noman injina a 1968, 'yan safiyo suka yanka daji murabba'i-murabba'i, kowace gona faddan 1,000 ko fiye, aka ba kowacce lamba. Faddan 1,000 ya haura hekta 400, kusan kilomita biyu kowane gefe. A takardun hukumar safiyo ta Sudan, masu ma'aunin 1:250,000, inda santimita ɗaya ke tsaye a madadin kilomita biyu da rabi, wannan makekiyar gona ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Wanda ya iya karanta takardar ya san inda za a yanka kafin a yanka. Makiyayin da burtalinsa ya faɗa cikin murabba'in wani, da ƙaramin manomin da ke noma gefen ƙauye ba takarda, sai dai su wayi gari su ga tarakta. Daga lokacin, a Gadarif, iya karatun taswira ya daina zama abin cin jarrabawa kaɗai.

Abin mamaki, a daidai lokacin da bukatar ta ƙaru ne darasin ya fara ramewa. A 1970, shekara guda bayan hawan Ja'afar Numairi, ministan ilimi Muhyiddin Sabir ya sauya tsani daga huɗu-huɗu-huɗu zuwa shida-uku-uku. Makarantu sun yawaita, kuma wannan alheri ne, don yaran da da ba su ga ƙofar aji ba sun shiga. Amma yaro saba'in ba sa fita neman taska, kuma malamin da aka horar a gurguje ba shi da lokacin auna ɗaki da taki. A farkon shekarun 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta zo da nata: shekara takwas a jere, sannan uku na sakandare. Matakin tsakiya ya ɓace ɗungurum, ɗan shekara shida da ɗan shekara goma sha huɗu suka koma haraba guda. Labarin ƙasa shi ma ya rasa sunansa a wannan mataki, aka narka shi tare da tarihi da kimiyya cikin darasin da ake kira Al-Insan wal-Kaun, mutum da halitta. A takarda haɗin yana da ma'ana, amma a aji, in an cakuɗa abu uku aka damƙa wa malami ɗaya, wanda ya fi bukatar kayan aiki shi ke fara faɗuwa. Yara suka haddace ma'anar ma'auni kalma-kalma, in ka miƙa musu taswira da zare ka ce su fitar da nisan Gadarif zuwa Khartum, kimanin kilomita 400, sai kallon-kallo.

Sannan ita taswirar kanta ta ƙi zama wuri ɗaya. Ranar 9 ga Yuli 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar, duk taswirar da ke rataye a bangon aji ta zama tsohon labari a dare guda, hannun da ya saba zana siffar nan tun wusɗa ya rasa inda zai tsaya. Yambiyo, garin Mango, ta koma ƙasar waje. A arewa kuma yankin Halayib yana cikin Sudan a littafin ɗan Sudan, yana cikin Masar a littafin ɗan Masar. Amma ɗan Gadarif ba sai ya je nesa ba. Fashaga, ƙasar noma mai albarka da ke tsakanin kogunan Atbara da Sitit, tana cikin jiharsa bisa alamun Gwynn, manoman Habasha kuwa sun daɗe suna nomanta, har sojojin Sudan suka shiga a ƙarshen 2020, lokacin da yaƙin Tigrai ya cika sansanin Um Rakuba da 'yan gudun hijira. A Yulin 2022 kuma rikici ya ɓarke da Hausawa a jihar Shuɗin Nilu kan sarauta da mallakar ƙasa, har Hausawan Gadarif da Kasala da Khartum suka fito zanga-zanga. Tambayar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce: shekara nawa mutum zai yi a zango kafin zangon ya zama gida? Wannan babu mabuɗin taswirar da ya amsa ta. Malamin kirki dai zai iya nuna wa ɗan shekara goma sha uku cewa kowane layi wani ne ya ja shi, a wata shekara, da wata niyya.

Bayan faɗuwar al-Bashir a 2019 gwamnatin riƙon ƙwarya ta dawo da matakin tsakiya na shekara uku. Tsarin bai gama tsayawa da ƙafarsa ba yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, jama'a suka kwararo Gadarif, ajujuwa suka zama ɗakunan kwana, aka shanya wanki a tagogi, allo ya koma jingina tabarma. Yaran da suka iso sun zo da irin ilimin da muka fara da shi. Sun san sunan kowane ƙauyen da aka kwana, sun san gadar da ba a bi, sun san awa nawa ne a bayan babbar mota da kwana nawa ne a ƙafa. Wasu sun ga ɗigon shuɗi na tafiya a taswirar wayar yayansu har inda sabis ya ɗauke, daga nan aka koma tambayar masu raƙuma, tunda matambayi ba ya ɓata. A irin wannan haraba, in magariba ta yi, baƙon da ya zo daga Khartum ko Jazira yakan tsaya da buta a hannu ya tambayi mai gadi ina alƙibla. Mai gadin, wataƙila jikan wanda ya taso daga Haɗeja ko Katagum da jaki, sai ya bar rana tana faɗuwa a bayan kafaɗarsa ta hagu, ya miƙa hannu wajen arewa, ya ɗan karkata shi dama.